Waƙar Maraba da Na Ce Tawa Ce

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Inugu ba, ko da yake na yi shekaru ina roƙon Allah Ya shafe min ita daga rai. Jikokina sun san ni a matsayin tsohon malamin waƙa da ya koyar da ɗaruruwan yara. Yadda na fara ne ba su sani ba, ni kuma ban taɓa zumuɗin faɗa musu ba.

Lokacin yaƙin basasa ne, bayan sojojin tarayya sun karɓi garin. Kawuna, Alhaji Sale, yana da rumfar kayan masarufi a kasuwar Ogbete tun kafin rikici. Da abin ya ɓaci ya gudo Arewa da rigar jikinsa, da hanya ta buɗe kuma ya ce zai koma ya ga abin da ya rage. Ya tafi da ni ne don na ishi kowa a gida. Ina zaune a Zariya ba aikin fari ba na baƙi, bayan na bar kwalejin horon malamai. (Ina gaya wa mutane yaƙi ne ya katse min karatu. Gaskiyar magana jarrabawa ce ta katse shi, wata shida kafin a harba harsashin farko.)

Wanda bai ga Inugu a lokacin ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Gari ne babba, ga tituna, ga benaye, amma ba mutane. Masu garin duk sun shige daji. Sai ka wuce gida ka ga ƙofa a buɗe, tukunya a kan murhu, ciyawa ta tsiro a cikinta. A wani shago na ga keken ɗinki da rigar yaro a ƙarƙashin allura, an ɗinka hannu ɗaya. Da tsakar rana za ka yi tafiya mai nisa ba ka ji kukan zakara ko haushin kare ba, sai takun takalminka, sai ungulaye a jere a kan rufin kwano suna bin ka da ido. Mu 'yan unguwar Hausawa da muka dawo, a dunƙule muke zaune kusa da kasuwa, ko magana ƙasa-ƙasa muke yi ba tare da wani ya umarce mu ba.

Dattawan unguwa suka nemi izini aka buɗe firamare a ginin wata makarantar mishan da aka gudu aka bari. Ɗaliban 'ya'yan 'yan kasuwa ne da 'ya'yan sojoji. Hedimasta wani dattijo ne mai suna Malam Isiyaku, mutumin kirki mai saurin yarda da mutane, abin da ya cuce shi a kaina ke nan. Ranar da ya tara mu mu uku malamai, ya ɗaga takardar da ofishin ilimi ya aiko ya ce akwai darasin waƙa sau biyu a mako, Talata da Alhamis.

"A cikinku wa ya san kan abin nan?"

Na ɗaga hannu kafin ya rufe baki. Ba don na sani ba. Na lura ne cewa wanda ya ɗauki waƙa an ɗauke masa lissafin aji biyar. Duk ilimina a fannin shi ne do-re-mi da wani Bature ya koya mana na zango biyu, rabin lokacin ma ina barci a bencin baya.

"Madalla," in ji Malam Isiyaku. "Sai ka rubuto mana tsarin darasi na mako goma sha biyu. Amma dattawa sun kafa sharaɗi. Ba ganga, ba rawa, ba zancen soyayya."

Na zauna da takarda na ja layi goma sha biyu da rula, abin gwanin kyau. Makon farko: yadda ake tsayuwa da jan numfashi. Mako na biyu: do-re-mi, hawa. Mako na uku: do-re-mi, sauka. Mako na huɗu: tafi. A nan ilimina ya ƙare. Mako na biyar na rubuta "maimaici", na shida ma "maimaici", sauran kuma na rubuta "waƙoƙin tarbiyya" da manyan baƙaƙe don su cika gurbi. Hedimasta ya sa hannu har yana yaba min rubutu.

Muna cikin makon tafi saƙo ya zo cewa wani babban jami'in ilimi zai zo daga Legas ya ga makarantun da aka sake buɗewa. Idan ya gamsu, za a amince da tamu a turo littattafai da alli. Idan bai gamsu ba, a rufe. Malam Isiyaku ya kira ni.

"Ina son waƙar maraba sabuwa fil, wadda ba a taɓa ji ba. Za ka iya?"

"Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin abu ne."

Kwana uku ina zaune da fensir a baki. Duk muryar da ta zo min sai in gane ta masu tallan fura ce ko ta 'yan dambe. A rana ta huɗu, bayan an tashi, na shiga ɗakin ajiya neman alli. A can ƙurya akwai wani ƙaramin fiyano irin na coci, wanda ake taka masa zugazugi da ƙafa, an lulluɓe shi da buhu. Kusa da shi akwai kabad. A cikin kabad ɗin, ƙarƙashin tarin rajistocin da gara ta fara ci, na tsinci wani littafi mai shuɗin bango.

Rubutun hannu ne, mai tsafta ƙwarai. Kowane shafi waƙa guda da sunanta a sama, an rubuta muryarta da baƙaƙen do-re-mi, kalmomin kuma da harshen Ibo, wanda ko "zo" ban sani ba a cikinsa. Na yi ta buɗawa har na sami mafi gajarta, layi huɗu kacal. Na janye buhun, na taka zugazugin, na bi baƙaƙen da yatsa ɗaya.

Ban taɓa jin murya mai daɗi irin wannan ba. Amma kafin in kai ƙarshen layi na biyu, tsikar jikina ta tashi, na waiwaya baya ba tare da na san dalili ba. Ba kowa, sai ƙofa a buɗe da yayyafi a tsakar makaranta. Mai hankali da nan ya mayar da littafin inda ya gan shi. Ni kuwa na soke shi a aljihu, na koma gida na ɗora masa kalmomina:

"Maraba, maraba, baƙon alheri,
Ka iso gida, sai ka huta."

Washegari na rera wa Malam Isiyaku. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kai ka yi wannan?"

"Jiya bayan la'asar ta zo min, ranka ya daɗe."

"Ashe Allah Ya ajiye baiwa a nan ba mu sani ba!"

A ranar ya rubuta wa ofishin ilimi cewa malaminsu ya ƙirƙiri waƙa ta musamman. Ƙarya ta shiga ambulan, an manna mata kan sarki. Ba sauran ja da baya.

Abu na farko da na lura da shi, waƙar ba ta yarda a yi mata sauri. Na so ta fito da annashuwa, har da tafi. Sai in fara da yara da zafi-zafi, amma kafin layi na biyu sai ka ji ta lafa da kanta, tafin ya mutu, muryoyin sun yi ƙasa. Yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya sai su tsaya ƙyam, hannuwa a sake. Na yi faɗa, na buga rula a tebur, a banza.

Abu na biyu shi ne matar.

Tagar ajinmu tana kallon bayan makaranta, inda wani shinge ya raba mu da jeji. Ranar Alhamis, muna tsakiyar waƙa, na ɗaga kai na ga mace a tsaye a bayan shingen. Doguwa, ramammiya, da baƙin zane, ba takalmi. Ba ta motsi, yayyafi yana sauka a kanta. Muka ƙare, na sunkuya na rufe fiyano, na ɗago. Babu ta.

Talatar da ta biyo baya su uku ne. Alhamis suka kusa goma. Dukkansu ƙashi da fata, idanu sun faɗa, wasu da tsumma a jiki. Ba sa magana, ba sa roƙo, ba sa kallon juna. Mazan sukan cire hula su riƙe a ƙirji. Ba sa zuwa lokacin lissafi ko karatu, sai an fara waƙar nan, kuma da ta ƙare sai jejin ya haɗiye su. Sau biyu ina rugawa in kira hedimasta, sau biyu muna zuwa mu tarar da shinge kawai.

"Mutanen gari ne suka fara fitowa daga daji," in ji shi. "Yunwa ce ta mayar da su haka. Waƙarka ce take burge su."

Na so in yarda. Amma shi bai san abin da na sani ba. Ni na san waƙar tana da mai ita, kuma a garin da aka yi irin wannan yaƙi, ina zaton mai ita yake? Na fara tunanin ko ya tattaro 'yan uwansa ne daga inda suke, sun zo karɓar kayansu. Na je wurin malamin unguwa na ce ina fama da firgita. Ya ba ni rubutu na shanye, ya ba ni laya na ɗaura a damtse. (Ban gaya masa zancen littafin ba. Aljanu na yarda in tunkara, amma ba tonon asiri ba.)

Ana saura kwana biyar baƙo ya zo, ina kan fiyano, na ji haske ya ragu a gefena. Matar ce. Ta tsallako shinge tana tsaye a bakin taga, kusa har ina jin numfashinta. Ba fuskata ta fara kallo ba, hannuwana ta kalla. Sannan ta ɗago a hankali ta dube ni, na ga wani abu ya mutu a idonta. Leɓunanta suna motsi, kuma wallahi suna riga yaran kaiwa kowace gaɓa. Na yi baya da kujera na faɗi warwas, ƙafafu a sama. Yara suka kwashe da dariya. Da na miƙe, taga ba kowa.

Ranar Talata gari ya waye da hadari amma bai zubar ba. An share fili, an jera kujeru. Dattawan unguwa sun sha manyan riguna, kawuna a sahun gaba yana gaya wa na kusa da shi cewa ɗan ƙanwarsa ne mai waƙar. Aka fito da fiyano baranda. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mota ta tsaya, jami'in ya fito cikin kwat da hular Turawa, sojoji huɗu suna biye da shi, da wani saje mai tsagar fuska, Bahaushe.

Bayan gaisuwa da jawabai, jami'in ya tambaya da Turanci wane ne mawallafin waƙar da aka rubuto masa. Na fito na rusuna har ƙasa. Ya miƙo min hannu. Aka yi tafi. Ina jin daɗin tafin nan har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Na zauna, na taka zugazugi, yara suka ɗauka. Na yi alkawari da kaina ba zan kalli shinge ba. Baitin farko ya wuce lafiya. Muka juyo don maimaitawa, sai na ji wata murya a ƙarƙashin ta yaran, mai kauri, kamar daga cikin ƙasa take fitowa. Wata ta hau kanta, wata ta bi. Na kalla.

Sun fi hamsin. Sun cika bayan shinge daga wannan kusurwa zuwa waccan, maza da mata, kuma suna rera waƙata da harshensu, murya kashi huɗu, kowane kashi ya san wurinsa. Ban san haka waƙar take ba sai ranar. Yarana suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafuna suka daina taka zugazugi, fiyanon ya yi wani dogon nishi ya mutu. Mata suna hawaye ba sa sharewa.

Abin da na yi shi ne abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Na zame daga kujera na durƙusa a bayan fiyano, na kama layar damtsena, na ɗaga murya a gaban baƙo da dattawa da ɗalibaina:

"A'uzu billahi! Jama'a, ku ma kuna ganinsu?"

Ba wanda ya yi dariya, don a daidai lokacin aka ji ƙarar ɗana bindiga.

"Wetin dem dey sing?" in ji sajen. "Na rebel song?" Wato, ko waƙar 'yan tawaye suke rerawa.

Sojojin suka juya bakin bindigogi wajen shinge. Mutanen ba su gudu ba, ba su kuma daina ba. Ina jin ba su da sauran ƙarfin gudu. Sajen ya tako ya tsaya a kaina ya koma Hausa.

"Kai malam, fito. Ba yanzu ka ce kai ka ƙirƙiri waƙar nan ba? To ta yaya waɗannan suka iya ta? Ko dai kai ka koya musu, ko su suka koya maka. Wanne ne?"

Sai a lokacin hankalina ya dawo. Fatalwa ba a auna ta da bindiga. Waɗannan mutane ne, masu jini a jika, kuma ƙaryata ce ta tsaya tsakaninsu da harsashi. Na miƙe, na zaro littafin daga aljihu na ɗaga.

"Ba tawa ba ce. A kabad na tsince ta. Ban san mai ita ba, ban san abin da take cewa ba. Ƙarya na yi."

"Ƙara faɗa da ƙarfi."

Na ƙara faɗa da ƙarfi. Sannan ya sa na faɗa da Turanci don baƙo ya ji.

Matar nan mai baƙin zane ta ɗaga hannuwanta sama, ta tsallako shinge, ta tako a hankali har gaban sojojin. Da ta buɗe baki, Hausa ce ta fito, tatacciya, irin ta wanda ya girma a Jos.

"Ranka ya daɗe, ba waƙar yaƙi ba ce. Waƙar binne gawa ce. Mijina ne ya yi ta, shi ne malamin waƙa a makarantar nan. Wata shekara baƙon dauro ya kashe masa yara a aji, ya rubuta ta don rakiyarsu. Daga nan duk wanda ya mutu a unguwar nan da ita ake kai shi. A daji mun binne mutane da yawa ba waƙa, don kada jirgi ko soja ya ji mu. Shi ya sa waɗannan suke zuwa. Kowa da wanda yake rakawa."

"Ke fa?" in ji sajen, muryarsa ta sauka.

"Ni mun rabu da shi ranar da aka gudu daga gari. Da na ji fiyanonsa daga jeji, na ce ya dawo." Ta dube ni. "Sai na leƙa na ga ba hannunsa ba ne."

Sajen ya yi wa yaransa alama suka sauke bindigogi. Malam Isiyaku ya fassara wa jami'in, yana yi yana share gumi. Jami'in ya cire hularsa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, a hankali, cikin Turancin da ko ɗan aji ɗaya ya gane:

"Wato da waƙar jana'iza ka tarbe ni. Ka ce in iso gida in huta."

Wani dattijo ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba. Kawuna ya zame hularsa ya rufe fuska da ita. Ni kuwa ina tsaye da littafin mutane a hannu, laya ta zamo ta fito daga hannun riga tana lilo.

Ba a rufe makarantar ba. Jami'in ya rubuta cewa a amince da ita, amma a sake duba tsarin darasin waƙa "da mai koyar da shi". Malam Isiyaku bai kore ni ba, sai dai ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwata, kuma ya ɗora min lissafin aji biyar har da na aji shida.

Na miƙa wa matar littafin a ranar. Sunanta Madam Nneka. Ta rungume shi ta juya ta tafi. Na ɗauka shi ke nan, amma ranar Alhamis sai ga ta a ƙofar aji, ta ƙofa wannan karon, ta yi sallama.

"Malam, na ga yaran nan suna da murya. Kai ne ba ka da abin ba su. Matsa."

Na matsa. Ta buɗe littafin ta nuna min shafi-shafi: wannan ta wasan tsalle ce, wannan ta koyon ƙidaya, wannan ta shuka, wannan kada ka kuskura. Tare muka sake rubuta tsarin mako goma sha biyu, ta soke "maimaici" duk inda ta gan shi. Ita ta koya min bambancin murya ta sama da ta ƙasa, da yadda ake sa yaro mai kunya ya buɗe baki. Dattawa suka yanka mata ɗan abin cefane daga kasuwa. Duk abin da na ci abinci da shi shekara talatin, a wurinta na koya. Har aka gama yaƙi, har na bar Inugu, mijinta bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo da labarin inda ya kwanta.

Suna kam na samu. Har a Fatakwal, bayan shekaru, wani ɗan kasuwa ya tsayar da ni a tasha ya ce, "Ba kai ne Malam Jana'iza ba?" Na ce ni ne, me zan ce?

Abin da na koya bai da yawa. Kayan da ka tsinta a gidan da ba kowa, ba marar mai shi ba ne, mai shi ne bai iso ba tukuna. In kuma dole sai ka yi satar waƙa, to don Allah ka nemi wanda zai karanta maka abin da aka rubuta a samanta.